Bas ɗin da Haladu Ya Ƙi Saboda Madubi

Wata rana, Litinin da hantsi, wani mutum ya shiga filin sayar da motoci a Kano, yana tafiya kamar wanda aka aika ya manta saƙon.

Sunansa Haladu. Babura yake sayarwa.

Duk dillalan filin sun san shi, shi ya sa ba wanda ya motsa daga kan benci. Shekara biyu kenan yana zuwa neman bas ɗin kaya, irin wadda ba kujeru a baya, da zai riƙa kai babura ƙauyuka. Shekara biyu bai saya ba.

Kuɗin suna nan ajiye. Ruwan ido ne ya hana shi.

Wannan ta cika shan mai. Waccan ƙasanta ya fara tsatsa. Ta can kuma ba ta da wajen ɗaure igiya. Har da tef ɗin awo yake zuwa, ya shige cikin mota ya tsuguna yana aune-aune kamar tela. Da dillalai suka gaji, sai suka sa masa suna "Sai Na Dawo".

To kafin a samu motar, yaya kaya ke isa?

Idan aka haɗa sabon babur a shago, hawa ake yi a tuƙa shi har garin mai saye, a miƙa masa makulli, a dawo a motar haya. Ƙannen Haladu biyu ke wannan aikin, Sha'aibu da Ilu, magidanta ne kowa da iyalinsa. Sabon babur kuwa ba a ba shi wuta. A hankali ake tafiya, a gefen titi, manyan motoci na wuce ka iskarsu na tura ka.

Wata tara da suka wuce an nuna wa Haladu wata farar bas. Inji lafiya, ƙasa da ƙugiyoyin ɗaure igiya, babura huɗu take ci. Ranar tare suka zo da Sha'aibu, kuma tun kafin a kashe inji Sha'aibu ya ce a ɗauka.

Haladu ya ciro tef ya auna ƙofar baya. Ta gaza da yatsu huɗu. Babur ba zai shiga da madubansa ba, sai an kwance su.

Ya ce shi ba zai sayi wahala da kuɗinsa ba, kullum a kwance, kullum a ɗaura. Sha'aibu ya yi dariya ya ja bakinsa, don a gidansu ba a musu da yaya.

Da damina ta yi tsakiya, Sha'aibu ya hau wani sabon babur zai kai shi wajen Gumel. Ruwa ya tsuge a hanya. Wata tirela ta zo wucewa.

Bai kai babur ɗin ba.

Haladu bai yi kuka ba. Ya zauna a tabarma kwana uku yana amsa gaisuwa, bakinsa na cewa "mun gode, Allah Ya ba da lada" shi kaɗai. In aka kawo abinci ya ci, bai san ko da gishiri ko babu ba. Mutane suka riƙa yaba haƙurinsa. Shi ya san ba haƙuri ba ne, kawai dai ba ya jin komai.

Bayan kwana goma sha biyu aka tuna masa da alkawarin da ya ɗauka tun kafin rasuwar: babura huɗu, ranar Alhamis, a wannan hanyar dai.

Ilu ya ce zai hau ɗaya, ya nemo mutum uku su hau sauran. Mahaifiyarsu na zaune tana jin su. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalli Ilu ba. Haladu ta kalla, ta ce 'ya'ya biyu suka rage mata.

Abin da ya kawo shi filin motoci ranar Litinin kenan.

Can sai mutum ɗaya ya taso masa, wani tsohon dillali da ake kira Baba Ɗanjuma, wanda bai ji labarin rasuwar ba. Ya zo da fara'arsa, ya ce yau kam albishir gare shi. Motar da Haladu ya shekara biyu yana nema ta samu: rufinta dogo, ƙofarta babur zai shiga da madubansa a tsaye, guda shida take ɗauka. Tana Kwatano, nan da sati uku za ta iso.

Ya nuna masa hoton a waya.

Haladu ya daɗe yana kallo. Ita ce, babu abin da ya rage. Hannunsa ya shiga aljihu da kansa ya taɓa tef ɗin, bakinsa har ya fara shirya maganar da ya saba.

Sai ya ce, "Baba, farar nan tana nan?"

"Tana nan. Amma ai kai ka ce ƙofarta ta yi gajarta. Wanda ya jira shekara biyu, sati uku ne zai gagare shi? Ina ƙanin nan naka mai fara'a? Shi ne ma ya fi ka son ta."

"Ya rasu, Baba. Alhamis nake da kaya."

Tsohon ya mayar da wayar aljihu. Ya yi salati, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya wuce ya ɗauko makulli.

Ranar Alhamis da sassafe aka jingina katako a bakin ƙofar farar bas ɗin. Aka kwance madubai aka zuba a buhu, aka tura babura ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaure su da igiya. Haladu ya ja mota, Ilu na zaune a gefensa.

Da suka zo daidai wurin da Sha'aibu ya yi hatsarin, babu wata alama. Gero ya yi kore shar, wasu mata na tallar gyaɗa a bakin titi. Ilu ya juyar da kai, leɓɓansa na motsi. Haladu ya saurari zuciyarsa ko zai ji wani abu, bai ji ba, ya canza giya suka wuce.

Sun isa kafin azahar. Aka sauke babura a gindin wata bishiya, Ilu ya zazzage buhu ya ɗauki sifana. Haladu ya duba waya don ya ga ko lokacin salla ya yi. Sha biyu da minti arba'in.

Da Ilu ya miƙe yana karkaɗe hannu, madubai takwas duk sun koma mazauninsu, Haladu ya sake duba wayar.

Sha biyu da minti hamsin da ɗaya.

Minti goma sha ɗaya. Aikin da ya guje wa kenan wata tara, bai taɓa gwadawa ko sau ɗaya ya ga nawa yake ci ba.

Ya zauna a bakin ƙofar motar, wayar a hannunsa. Mai sayen baburan ya matso ya tambaye shi ko lafiya.

Ya ce lafiya lau.

Darasi: Ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma garin neman gira ake rasa ido. Yayin da kake jiran abin da ba shi da aibi ko ɗaya, akwai wanda ke ɗauke da nauyin jiran naka a kan hanya, kuma yana yin shiru ne don yana ganin girmanka. Kafin ka ƙi abu saboda ƙaramar wahala, ka gwada wahalar tukuna ka ga girmanta.

In ka san wani "Sai Na Dawo" a gidanku ko a kasuwarku, tura masa wannan yau, kada kai ma ka ce sai anjima.