Ranar da Na Ce Ban San Kawuna Ba

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a wani banki a nan Sakkwato, na yi wani abu da har yau in ya faɗo mini a rai sai in ji kamar in rufe fuska, ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Na daɗe ina son in ba ku labarin, kunya ke hana ni. Yau dai na ce bari in fitar da shi in huta.

A lokacin an kawo mana sabon manaja daga wani gari, mutum mai son motsa jiki. Kullum bayan sallar asuba sai ya yi gudu kafin ya zo ofis. Ni kuwa ido rufe nake neman shiga wajensa, don haka rana ɗaya na wayi gari ni ma na zama ɗan gudu. Na sayi kambas mai tsada, da agogon da ke ƙirga taku, da riga da wando masu sheƙi. In ka gan ni sai ka rantse ƙasa za ni wakilta. Alhali ban taɓa wuce kilomita goma sha biyar ba, shi ma ranar ɗan kabu-kabu ne ya maido ni gida a babur.

Sai wata ƙungiyar matasa ta shirya gudun fanfalaki, kilomita arba'in da biyu. Ba wani babban taro ba ne. Rumfa biyu ce, da lasifika ɗaya mai shaƙewa, da teburan ruwan leda nan da can. Za a tashi daga wajen Ƙofar Kware a miƙe hanyar Kalambaina, a juyo, a sake maimaitawa. Kowa cewa yake hanyar shimfiɗe take kamar tabarma, ba hawa ba gangara. Manaja ya ce zai shiga. Kafin ya rufe baki na ce ai ni ma na rubuta sunana. Ƙarya nake, sai da yamma na ruga na rubuta.

To, ina da kawu, yayan mahaifiyata. Da mahaifina ya rasu ina ƙarami, gidan Kawu muka koma, shi ya riƙe ni har na gama makaranta. Aikinsa dako ne a Kalambaina, lodin buhunan siminti a manyan motoci. Shekara da shekaru da ƙafa yake zuwa da ƙafa yake dawowa, da wata irin sassarfa tasa wadda ba gudu ba ce ba kuma tafiya ba. Siminti ya cinye masa tafin hannu, goro ya rine masa haƙora, ga shi da magana da ƙarfi kamar yana kiran wani a hayin gulbi. A lokacin ya haura sittin.

Duk satin nan ina cika baki a gida kan tseren, yana zaune a kan tabarmarsa yana saurare.

Ranar tsere muka hallara gari bai gama wayewa ba. Ƙarshen damina ne, gero ya nuna a gonaki, iska ba ta ko motsi. Ina tsaye kusa da manaja muna miƙe ƙafafu, ina kwaikwayon duk abin da ya yi, sai na ji an ƙwala mini kira da sunan da ake tsokanata da shi ina yaro. Na waiga. Kawu ne. Ya sa wata tsohuwar rigar ƙwallo da ta koɗe, da wandon shadda da ya datse da almakashi a gwiwa, da takalmin roba. Ga lambar tsere ya maƙala a ƙirji da allura, a karkace. Ashe shi ma ya je ya rubuta sunansa bai gaya wa kowa ba.

Ya taho yana washe baki, ya ciro wani ƙullin leda daga aljihu ya miƙo mini.

“Ungo dabino. In kaj ji cikinka ya yi hwayau, ka jefa guda bakinka.”

Na ce, “Bar shi, ina da nawa,” ban ko kalle shi sosai ba.

Manaja ya dube shi yana murmushi, ya juyo gare ni. “Wannan dattijon fa? Babanka ne?”

Wallahi ban yi tunani ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, “A'a yallaɓai, wani tsoho ne a unguwarmu. Haka yake da shisshigi.”

Ban ɗaga murya ba, amma tsakaninmu da Kawu bai fi taku uku ba. Na ga hannunsa ya tsaya a sama da ƙullin dabinon. Ya mayar da shi aljihu a hankali, ya ce wa manaja, “Allah shi ba da sa'a,” ya koma can baya cikin jama'a.

Aka busa usur muka zuba.

Zagayen farko daɗi. Na manne wa manaja kafaɗa da kafaɗa, har hira nake ja masa don ya ga ban gaji ba. Da muka juyo daga Kalambaina muka yi kiciɓis da na baya suna tahowa, na hango Kawu da sassarfar nan tasa, kai sunkuye. 'Yan dako da direbobin da ke bakin hanya suka ɗauki ihu suna yi masa kirari, wani har da buga gefen mota. Manaja ya ce, “Kai, tsohon unguwarkun nan sananne ne.” Na yi dariyar yaƙe na ƙara sauri.

Abin da ba wanda ya gaya mini game da shimfiɗaɗɗiyar hanya shi ne ba ta da tausayi. In da akwai gangara, da ka ɗan huta a kanta. Wannan kuwa kwalta ce miƙe, kana ganin inda za ka tun daga nesa, kana gudu ba ya matsowa. Rana ta ɗaga. Tebur biyu muka wuce ruwa ya ƙare, sai ledoji a ƙasa. A zagaye na biyu, mun juyo daga Kalambaina ke nan da kaɗan, na ji jijiyar ƙaurina na dama ta ɗaure tamau. Na yi ɗingishi taku biyar, ta hagu ma ta amsa. Na zube a gefen titi.

Manaja ya ɗan rage gudu ya ce, “Zauna ka huta, motar masu shirya tseren tana tafe.” Ya wuce. Ban ga laifinsa ba, tsere ya zo yi.

Na ja jiki zuwa gindin wani dogonyaro a bakin gona. Can na yi amai, na ɓata rigar nan mai sheƙi. Agogona na ta ƙara yana tambayata ko na gama motsa jiki. Mota kuwa ba ta zo ba, daga baya na ji taya ce ta fashe mata. Mutane suna wucewa, wasu su ce sannu, wasu ko kallo.

Sai na ji ƙarar takalmin roba a kan kwalta, faƙat faƙat faƙat. Na sunkuyar da kai ina roƙon Allah ya sa ya wuce bai gan ni ba. Ƙarar ta tsaya.

Kawu ne tsaye a kaina. Ya durƙusa ya kama ƙafata ya ɗora a cinyarsa, ya tanƙwara yatsun sama da ƙarfi har na yi ƙara. Ya dinga murza ƙaurin da hannun nan nasa mai kaushi. Ya tashi ya shiga gonar, ya roƙo ruwa a gora wajen masu yankan gero, ya ba ni na sha, ya zuba mini sauran a ka. Sannan ya kwance ƙullin dabinon ya sa mini a hannu. Wannan karon na karɓa.

Muna nan wasu dattawa biyu suka zo wucewa, su ma da lambobi a ƙirji. Ɗaya ya ɗaga murya, “Kai, tashi mana! Kai ad da gaba tun ɗazu, ka bar muna keken?”

Kawu ya ɗaga masa hannu kawai. A nan na fahimci ashe akwai kyautar keke ga wanda ya zo na ɗaya cikin dattawa, kuma shi ke kan gaba da tazara mai yawa. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana taka hanyar nan da ƙafa.

Na ce, “Kawu, ka tafi. Don Allah ka tafi, za ka cim musu.”

Ya ce, “In tai in ce ma uwarka mi? Tashi mu gani in ƙahwar na taka ƙasa.”

Haka muka kama hanya, hannuna a kafaɗarsa. Abin da ya rage ya kusa kilomita goma, muka taka shi da ƙafa cikin rana. Ina ta jira ya yi maganar, ko ya zage ni in samu sauƙi. Bai yi ba. Sai nuna mini wurare yake: nan ne ruwan sama ya taɓa tsare shi, can ne wata mai fura take zama a da. Ni kuma ina ta juya kalmar ban haƙuri a baki, ta ƙi fita.

Da muka iso an fara kwance rumfa. Manaja na zaune a kan benci da lambar yabo a wuya yana shan lemo. Ya taso da sauri ya kama hannun Kawu da hannu biyu.

“Baba, sannu da ƙoƙari. Allah ya saka da alheri. Ka bar tserenka saboda yaron da ba naka ba.”

Kawu ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, ya ɗan jira. Nan ne wurin da ya fi ci mini rai a duk labarin, don dama ce ya ba ni a fili. Kalma biyu ce kawai, kawuna ne. Na buɗe baki, na dubi manaja, na dubi ƙasa. Na yi shiru.

Sai Kawu ya ce, “Ba komai, ranka shi daɗe. Ai maƙwabta muke.”

Shi ya rufa mini asirin ƙaryar da na yi a kansa.

Bai gaya wa kowa a gida ba. Kwana huɗu ina kauce masa, in ya shigo ta zaure in fita ta baya. Abinci ma ba ya shiga. Mahaifiyata ta tsare ni ta ce mene ne, na kwashe duka na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce, “Da kay yi ƙyanda kana ɗan shekara huɗu, goye yak kai ka asibiti, a hanyar nan da kunka yi gudu.” Ta tashi ta shige ɗaki.

Da wautata sai na ga kamar keke ne maganin abin. Na je kasuwa na sayo sabo fil, na turo shi har gabansa bayan la'asar, na durƙusa. Ya dubi keken, ya dube ni.

“Wanga na mi ne?”

Na ce, “Kawu, ka gafarce ni. Abin da na faɗa ranar nan...” Sai kuka ya ƙwace mini, ƙato da ni.

Ya bari na yi mai isata. Sannan ya ce, “Na ji abin da kac ce. Ya yi min zahi, ba ni yi maka ƙarya. Har Kalambaina ina gudu ina jin shi nan.” Ya dafa ƙirji. “Amma da nig gane ka zaune kana amai, ban ga ma'aikacin banki ba. Na yahe maka. Keke kau mai da musu abinsu, wanda ban ci da ƙahwata ba ba ni hawa nai.”

Dole na mayar.

Washegari na shiga ofishin manaja na rufe ƙofa, na ce yallaɓai dattijon nan kawuna ne, shi ya raine ni, ƙarya na yi maka. Na ɗauka zai yi mamaki. Ya ajiye biro ya ce, “Ai na sani tun a wurin. Ka taɓa duba madubi kuwa? Goshinku ɗaya, tafiyarku ɗaya. Jira nake in ga ranar da za ka faɗa.” Sannan ya ƙara da cewa, “Ni mahaifina itace yake faskarawa.” Ashe duk ɓoye-ɓoyen da nake yi, kaina kawai na tona wa asiri a gaban mutumin da nake son in burge.

Ban sake shiga tsere ba tun daga ranar. Abin da ya zauna mini a rai shi ne, ƙaryar farko zan iya cewa suɓutar baki ce. Shirun nan na biyu kuwa ba ni da abin da zan kare shi da shi, don ina sane, na auna, na zaɓi mutuncina na banza a kan mutumin da ya tallafe ni a kafaɗa. Ya yafe mini tuntuni, amma ni ban gama da kaina ba, kuma ina ganin gara haka.

Kawu na nan da ransa, gwiwoyi sun gaji, yanzu a gidana yake zaune. Duk baƙon da ya shigo, ko wane ne shi, wajensa nake fara kai shi. Sai in kama bayani: wannan kawuna ne, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni, dako ya yi a Kalambaina ya sa ni makaranta. In na yi nisa sai ya ɗaga hannu ya katse ni.

“Ya isa hakanan, ɗana. Sun jiya. Bari mutane su zamna.”