Komayen Amumun

Amumun mai tsince-tsince ne, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Shekara da shekaru yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Arlit da Assamakka, ba a taɓa yin tafiyar da bai taka birki saboda wani tsohon ƙarfe ba. Fasinjoji na saman kaya rana na gasa su, shi yana can yana tonon ƙofar motar da rairayi ya binne.

"Direba, gadon babanka ne?"

"Na kakana ne," in ji shi, ya cilla musu ƙarfen bisa ƙafafu.

Ƙyauren gidansa murfin injin wata tsohuwar mota ne. Murhun matarsa Dassin kuwa ƙarfen taya. Takan ce, "Malam, wata rana ni ma cewa za ka yi tsinto ni ka yi."

Shi kuma ya ce, "A bakin hanyar Gougaram, ai kowa ya sani."

Bai iya sayarwa ba, kyauta yake yi. Tsintuwar da ya fi alfahari da ita wasu manyan tiyo ne na ƙarfe, masu faɗin da mutum zai shiga, da ya gani zube wajen masu tsofaffin ƙarafa, an ce daga wurin haƙar ma'adinai suka fito. Ya kai wa Almustafa mai walda ya tsaga su biyu, ya toshe bakunan, suka zama komayen shayar da dabbobi. Kowane kwami ya sa masa mariƙi a gefe guda, ya shafa shuɗin fenti. Ya raba wa dangin uwarsa makiyaya, ya raba wa waɗanda bai ma sani ba, duk rijiyar da ya ga raƙuma na sha a tsagaggiyar garwa sai ya sauke ɗaya. Guda ya bari a gida, Dassin na wanki ciki, awaki na sha.

Wata shekara mutanen wata ƙungiya suka zo suna auna ƙarafa a kasuwa da ƴar na'ura. Kowa ya nuna musu gidan Amumun, don a yi dariya. Na'urar ta wuce ƙyaure shiru, ta wuce murhu shiru. Da aka kai ta bakin kwami sai ta kama kuka kamar gyare. Suka ce ƙurar uraniyom ta kama ƙarfen, kada a sha, kada a taɓa, cutar ba lalle ta nuna yau ba. Babbansu ya tambaya, "Baba, irinsa nawa ka yi?"

Amumun bai taɓa ƙirgawa ba.

Suka ɗauke na gidan suka tafi. Sauran suka bar masa.

Ya shiga daji nema. Idon da ke hango ƙusa daga kan sitiyari bai mutu ba, amma makiyayi ba ya zama wuri ɗaya. A wata rijiya aka ce an musanya kwamin da tunkiya, ya bi Fulani kudu. A wani zango ya tarar ana jiƙa gero a ciki. Ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Tsohuwar zangon ta sunkuya ta shinshina ruwan.

"Ba wari, ba launi. Ɗana, kai ka ba mu, yanzu ka ga ya yi kyau kana so. Kawo wani ka ɗauki wannan."

Ba shi da wani. Ba shi da na'ura. Ya sha shayinsu ya tashi, kwamin na nan inda yake.

Kaɗan ya iya maidowa. Sannan yanar ido ta rufe shi, mai motar ya karɓi makulli. Dassin tana tari tun bara. Likita bai ce kwamin ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne.

Yanzu kullum yana tashar Arlit, kan benci kusa da mai shayi. Har yau in ƙafarsa ta taka ƙusa sai ya duƙa ya sa aljihu. Direbobi sun haddace maganarsa, wasu kan ja gilashi in sun hango shi, amma duk motar da za ta tashi sai ya lalubo taga.

"Ɗan'uwa, don Allah ka riƙa duba bakin rijiyoyi. In ka ga kwami mai mariƙi ɗaya, shuɗi, ka tsaya. Ba na ce ka ɗauko ba, ba za su ba ka ba. Ka dai ce Amumun ya ce a kife shi."