Ankon da Aka Yi Ba Ni

Shekarar da aka turo ni koyarwa Yelwa, lokacin komai na aikinmu sai an kai Sakkwato an sa hannu, mu mata biyar ne a makarantar. Huɗu 'yan gari, ni kaɗai ce daga wani ƙauye kusa da Warra. Innata bandar kifi take yi a bakin ruwa, ni kuma duk hutu sai na shiga jirgin inji na je na taya ta. Hayaƙin banda ba ya jin sabulu. Ya kama zane, ya kama gashi.

Ina son matan nan su so ni, har na riƙa kwaikwayon ɗaurin kallabinsu. Da ɗaya ta haihu, sai na ga sauran suna miƙa wa juna ƙyallen atamfa ta ƙarƙashin tebur. Anko suka fitar, ba wadda ta gaya mini. Ina bayan taga na ji babbarmu tana cewa, "Ku bar ta. Ta shigo ɗaki, kowa ya tashi da ƙaurin kifi."

Ranar ko abinci ban iya ci ba. Na tafi gida, na gaya wa Inna ba ni zuwa sunan. Tana juya kifi a kan waya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"An ce miki kada ki zo?"

"Ba a ce ba."

"To mi ya hana ki?"

Ta zaɓo manyan giwan ruwa cikin kifin da ta banda, ta cika mini kwando.

Ranar suna na ɗaura tsohon zanena shuɗi, na ɗauki kwandon da kaina. Na wuce zaure na shiga. Suna jere kan tabarma cikin ja iri ɗaya. Hira ta tsaya. Na dire kwandon gaban mai jego, na yi mata barka, sannan na nemi tsakiyarsu na zauna. Babbar ta ja gefen mayafinta ta kai hanci.

Na ce mata, "Kifi ne, Malama. Innata ta banda shi, ni na hura wutar. Da shi aka kai ni makaranta."

Na karɓi jinjirin na yi masa addu'a, na ci tuwo har na ƙoshi, ban tashi ba sai da aka watse.

Ba su zama ƙawayena ba. Mai jegon ce kawai, da ta koma aiki, ta fara jawo kujerarta kusa da tawa lokacin tara. Shekara uku na ƙara a makarantar, kuma duk bikin da na ji labari sai na je, ko an gaya mini ko ba a gaya ba.