Ragon Hajiya

Matar kawuna ta zo aikin Hajji daga wani ƙauye a ƙasar Kano, bayan saukowa daga Arfa kuma ta bar masaukin alhazai ta tare a gidanmu na unguwar Tandabawi. Ni a nan Makka aka haife ni, ban taɓa ganinta ba sai wannan zuwan. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, ni kuwa bakina ba ya hutawa, don haka muka dace.

Daren da suka baro Arfa, direbansu ya ruɗe da cunkoso, ya zarce da su Mina bai tsaya a Muzdalifa ba. Malamin tawagarsu ya ce duk wanda ke cikin motar yanka ya hau kansa, kowa ya zubar da jini Hajjinsa ya cika. Abokan tafiyarta duk suka yi. Ita ko ta ƙi, ga jirginsu ya kusa tashi.

Na ɗauka rashin hali ne, na ce mijina zai saya mata. Ta ce a'a. Sai na hau faɗa, don ni haƙurina gajere ne.

"Haba Hajiya! Kin sha rana, kin sha turereniya wurin jifa, sai kan ɗan rago ɗaya za ki koma gida da Hajji mai giɓi? Wallahi ba a gidana ba."

Muna tsinkar zogale a tsakar gida lokacin. Ta ajiye reshen da ke hannunta, ta ce, "'Yar nan, kawunki bai faɗa miki ba ke nan. Ni a coci na tashi. Babana shi ne mai wa'azin ƙauyenmu."

Ni ma na ajiye reshen da ke hannuna, na matso kusa da ita.

Ta ce tun tana yarinya mahaifinta ke koya musu cewa jini ne ke ɗauke zunubi, har da inda maganar ta samo asali. Mabiya Annabi Isa na farko, in ji shi, Yahudawa ne da suka tashi suna ganin yanka a babban ɗakin ibadarsu. Suna da ɗan ragon da suke yankawa ran idinsu. Suna kuma da wata rana a shekara da babban malaminsu ke ɗora hannu a kan bunsuru, ya faɗi laifofin jama'a, a kora shi jeji ya tafi da su. To da suka yi imani an kashe shugabansu a kan gicciye, hankalinsu ya tashi, suka rasa yadda za su fahimci abin. Sai suka fahimce shi da abin da suka sani, suka ce ai shi ne ragon, mutuwarsa fansar mutane ce.

"Da na musulunta," ta ce, "abin da ya fi kwantar min da rai shi ne ba mai ɗaukar kayan wani. Na yi laifi, in tuba, shi ke nan. Yanzu na zo har Ɗakin Allah, an ce min na yi kuskure, in nemo dabba ta mutu a kai. Da malamin nan ya ce a zubar da jini, muryar Baba na ji. Tsoro nake, kada in koma inda na fito ban sani ba."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Ni ba malama ba ce, abinci nake sayarwa, na kuwa gaya mata haka. Na ce abin da na sani kawai, ragon ba ya ɗaukar zunubin kowa. Gurbin abin da ya kuɓuce ne ake cikewa, naman kuma na talakawan Makka ne. Na ce, "In kina son ganin inda yake zuwa, ni zan kai ki, don rabinsu maƙwabtana ne."

Sai washegari bayan asuba ta zo ta same ni. Ta ce za ta yi, amma da idonta za ta gani.

Mijina ya kai mu kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya. Zafi, wari, ga dillalai kowa na jan hannun rigarsa yana ce masa, "Yalla ya Hajj, zo ka ga nawa." Hajiya ta zaɓi wani fari mai baƙin kunne. Dillalin ya ce ta taɓa bayansa ta ji kitse, kamar yadda kowane mai saye ke yi. Ta maida hannayenta baya ta harɗe, kamar yarinyar da aka hana taɓa wuta. Na gane, ba ta so hannunta ya sauka a kansa. Na ture dillalin na matsa bayan ragon da kaina, na ce ya yi.

Da aka zo kai shi mayanka, ta sunkuya daidai kunnensa, hannayen na nan a baya, ta ce, "Laifina na wurina, ni zan kai shi gaban Ubangijina. Kai dai je ka ciyar da mutane." Har mijina sai da ya juya kai yana murmushi.

Da la'asar muka bi lungunan unguwa da naman a leda. Ƙarshe muka shiga wurin wata maƙwabciyata 'yar Nijar, mai sayar da turare a bakin hanya, ba takardun zama, ga yara cike da ɗaki. Ta karɓa hannu biyu, ta rasa inda za ta sa Hajiya don murna. Ta yi ta zuba addu'a irin wadda kowa ke yi: Allah Ya karɓi Hajji, Allah Ya maida ke gida lafiya. Hajiya na ta amsawa da amin, fuskarta a sake, ban taɓa ganinta haka ba.

Sai matar ta ce, "Allah Ya jiƙan mahaifan da suka haife ki."

Hajiya ta buɗe baki za ta ce amin, ta fasa, sai a lokacin na tuna da mahaifinta mai wa'azin coci. Can ta ce, "Na gode, 'yar'uwa," muka fito.

A lungu ta kama hannuna ta riƙe gam, har yatsuna suka yi zafi. Ban ce ta saki ba, haka muka taka har gida.