Kanwar Kawu Sule a Dutsen Atakora

Kwatano

Ana sallame asuba a unguwarmu ta Zongo muka hau wata tsohuwar fijo, ni da ƙanen mahaifiyata, Kawu Sule, wanda idonsa ya dushe. A shekarar da aka dawo da zaɓe ne. Wasu Turawa sun yi alkawarin kuɗin dasa itatuwa a wani kwari a Atakora, amma sai an nuna musu cewa akwai sauran namun daji a wurin. In babu, su kai kuɗin wata ƙasa. A kwarin nan ayarin kakanninmu yake yada zango, shi ya sa Kawu ya kafe sai ya je.

Bohikon

Jandarma ya leƙo, ya ce, "Baba, ina zuwa?"

"Gaida barewa."

Ya yi dariya ya ɗaga sandar shinge. Ikon Allah, ko takarda bai tambaya ba! Na yi ta gyangyaɗi, itatuwan rimi suna wucewa kamar a mafarki.

Jugu

Muka kwana gidan wani mai goro. Sakwara da wagashi, wato cukun nono, har na manta gajiya.

Kwarin

Da hantsi duwatsu suka fito, shuɗi-shuɗi, gajimare na kwance a kafaɗarsu. Amma kwarin, wayyo! Kututture da toka. Mai gadin dajin ya ce, "Alhaji, rabona da ganin ko kashin barewa, na manta."

Kawu kuwa ya ce in kai shi bakin maɓuɓɓuga. Ya ciro dunƙulen kanwa daga aljihu, ya ɗora a kan wani falalen dutse.

"Haka fatake suke yi, ɗana. Ka sha ruwan namun daji, ka bar musu abin lasa."

Na ce a raina, tsufa dai!

Kashegari da sassafe hazo ya rufe ko'ina. Kanwar ta yi santsi ta gefe guda. Kawu ya durƙusa yana laluben sawu a taɓo da yatsu, ya daɗe. Can ya ce, "Biyu ne. Uwa da ɗa." Mai gadi ya ruga kiran wani mai ɗaukar hoto, don a nuna wa Turawan. Ni dai kuka na yi.

Gida

Mun iso Zongo lafiya, alhamdulillahi, godiya ga duk wanda ya ba mu ruwa a hanya. Kuɗin sun zo da damina. Kawu bai kai lokacin ba, Allah ya ji ƙansa. Ni nake kai kanwar yanzu.