Idon Maigidana

Shekarar da munka fara noman rani da ruwan dam ɗin Goronyo, maƙwabciyata, wata malamar asibiti 'yar Zuru, ta kunna muna wani fim. An dasa ma wata mata idon mamaci, sai ta koma ganin abin da mamacin ya gani, har ta daina gane mijinta.

Ba a jima ba anka kai maigidana Sakkwato aikin ido. Malamar ta yi ta gaya mani yanar ido kawai za a cire, ba idon kowa za a sa mashi ba. Na ce to, amma abinci ya ƙi ciyuwa.

Da ya dawo, ita malamar ta kwance mashi bandejin a tsakar gida. Ya ƙura ma bayana ido. Na matsa kusa na tambaye shi.

"Malam, mi kaka gani?"

"Wa ya ɗaure akuya jikin rumbun albasa? Ku ba ku da ido?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗan mutumin nan ba sai rannan. Wane mamaci zai damu da albasarmu?