Rigar Wata ta Kawu Bala

Ku da kuka san Kawu Bala mai salka a Bab Makka, nan Jidda, kun san ba ya sayen abu sai ya hura shi. Buta ce, tulu ne, zai kafa baki ya hura, ya kara kunne ya ji ko iska na fita. Masu shago sun gaji da shi. Ni ma na gaji, amma ƙanen uwata ne, shi ya kawo ni ƙasar nan a ƙafa. A hanyar Sudan salkarmu ta ɓule, muka binne mutum biyu. Daga nan ya fara hure-hure.

Shekarar da Amurkawa suka sauka a wata, ina aikin wanke tankokin jiragen mai a mina, wato tashar jiragen ruwa. Da igiya ake saukar da mu, tsumma a hanci. Wani ya fito yana tari, wani sai an fito da shi. Kawu ya ce in bari. Na ce in ci me?

Wata rana ya sayo tamis, aka naɗe masa burodin a jarida mai hoton mutum cikin farar riga, kansa a cikin wani abu kamar tukunya. Ya kai wa mai gahawa ya karanta masa. Aka ce can sama babu iska, rigar ce ke riƙe wa mutumin numfashi, in ta ɓule ko da bakin allura ne, halas, shi ke nan ya mutu. Kawu bai yi mamakin zuwa wata ba. Ya ce wannan ai salka ce aka sa mutum a ciki. Ya tambayi wa ya hura ta kafin a tashi. Mai gahawa ya ce jarida ba ta faɗa ba. Ya ce to an yi ganganci da ɗan mutane.

Da na dawo aiki ya auna ni da igiya. Ya samo tsohon tantin alhazai, ya ɗinka riga da shi, ya shafe ta da mai. Ya yanka bokiti ya liƙa masa gilashi. Iska kuwa, tiyon shisha ya haɗa da zugazugin maƙera, wai shi zai zauna a bakin tanki yana zuga mini.

Da ya gama, ya gwada ta yadda yake gwada salka: ya cika ta da ruwa ya rataye a ƙofar gida. Ta kumbura, hannu da ƙafa suna lilo. Maƙwabciyarmu ta fito ta yi salati, ta tara unguwa, wai na rataye kaina. Kawu ya ce su matsa, suna tare masa haske, ɗigo yake dubawa.

Rigar ba maɓalli, don ya ce maɓalli ƙofar iska ce. Na shiga, ya ɗinke ni a ciki ta baya. Na yarda ne don ya rantse ba zai ci abinci ba sai na sa ta, kuma na san shi. Muka hau bayan mota, rana ta Jidda a kanmu, yana zuga. Kafin mu wuce Bagdadiyya gumi ya kai mini gwiwa. A ƙofar mina shugaban aiki ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya ce yalla, mu ɓace, kada ya ƙara ganin mu.

Ina ganin duhu-duhu, ina roƙon ya sa wuƙa. Ya ƙi. Ɗinki ɗaya-ɗaya ya warware, kada zare ya lalace. Da na fito ya juye gumin a ƙasa, ya ce in duba, ko ɗigo bai zuba a hanya ba.

Na ce, "Kawu, an kore ni."

"Ka shiga tankin?"

"A'a."

"To ta yi aiki."

Shi ya ciyar da ni har na samu dako a Sharafiyya. Dako ya cinye mini gwiwa da baya, amma ga ni ina hawa bene ba na tsayawa neman numfashi. Waɗanda muka riƙa igiyar tanki tare, ni na raka yawancinsu maƙabarta.

Da ya rasu ni na yi masa wanka. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Allah ya jiƙan Kawu Bala, ya yalwata masa kabari, ya sanyaya masa makwanci. Ya sha rana da yawa.